Maganin Barin Taba da Shirun Gidanmu

Hauwa, ke kika sa na zauna rubuta wannan babin. Ranar sunan ɗiyar Bashir na ji ki kina ba matan dangi labari kuna ta dariya, wai akwai wani azumi da kaifin bakina ya kori Abbanku daga gida, ya koma buɗa-baki a masallaci har Sallah. Ban tanka miki ba, don gidan suna ba wurin gyara zance ba ne. Amma abin ya tsaya mini a rai. Baki dai ina da shi, ban taɓa musantawa ba, wanda ya gado shi a cikinku ma ya san kansa. Sai dai ba haka abin ya faru ba. Ke da Bashir da autana Nasiru ku natsu ku karanta, domin kuna yara a lokacin, ƙarshen rigimar kawai kuka gani.

Garkin Abuja da muka zo muka tarar ba wannan ba ce ta yanzu da mota ke hawa kan mota. Abbanku na aikin gwamnati, aka ba mu gida a hawa na biyu, da bishiyar mangwaro a ƙasa inda yake ajiye motarsa. Da hantsi matan Gbagyi kan shigo da doya a kafaɗa, mu tsaya ciniki suna Hausarsu mai daɗi, su ce da mace shi, su ce da namiji ita, ba mai gyara wa wani. Maƙwabcinka Bayarabe, na gaba Inyamuri, na ƙasa mutumin Langtang, in an yi Sallah kwanon kowa ya zagaya, in an yi Kirsimeti ma haka. Kai, mun ji daɗin zaman nan! A can na bar aikin asibiti na buɗe ɗan kantin maganina, da takardata ta harhaɗa magunguna a rataye a bango. Abin da ke tafiya a lokacin sananne ne: maganin zazzaɓin cizon sauro, na hawan jini, na tarin yara. Ba wanda ya taɓa shigowa ya ce a ba shi maganin barin taba. Mai son bari a wancan zamanin sai ya kama goro, ko ya yi ta tauna asuwaki, ko ya yi rantsuwa a gaban abokai, kwana kaɗan ya yi kaffara.

Sai wata shekara masu kawo mana kaya suka zo da sabbin abubuwa biyu. Ɗaya cingam ne, ɗaya kuma filasta da ake mannawa a damtse. Dukansu suna ba jiki kaɗan daga abin da yake nema a cikin taba, ba tare da hayaƙin ba, a yi ta ragewa har mutum ya rabu. Na karɓa ne don kada a ce kantina ya tsaya a baya. Suka zauna a kan kanta suna shan ƙura, har na fara duba ranar lalacewarsu ina tsaki. Daga baya suka soma motsi, kuma da na lura sai na ga motsin nasu yana da lokaci. Da zarar Sha'aban ya raba tsakiya sai a yi ta saye, kowa na cewa bana da azumi zai rabu da ita. Ƙarshen shekara kuma 'yan uwanmu Kirista ne ke zuwa da alkawarin sabuwar shekara, su sake dawowa lokacin nasu azumin. In wani babba ya rasu da ciwon ƙirji, satin nan za ka ga abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Amma bayan Sallah? Shiru kake ji. Ko kyauta ka bayar ba mai karɓa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, a duk mazajen nan ba wanda ke saya wa kansa. Mutum zai shigo da babbar riga, leɓensa baƙi ƙirin, yatsunsa biyu sun rine, ya jira kowa ya fita, sannan ya rage murya.

"Hajiya, wannan na barin abin nan... wani abokina ne ya aiko ni."

"To, Alhaji. Abokin naka yana da hawan jini?"

"E, ina da... yana da shi kaɗan."

Sai in sunkuyar da kai in yi ta neman leda, don kada ya ga fuskata. Na direba, na ƙane, na oga a ofis, ba irin wanda ban ji ba. Mata kuwa tasu tambayar daban ce: ko za a iya narka shi a miya, ko a manna wa maigida yana barci. Nakan ce musu a'a, ba a yi wa mutum wannan magani a ɓoye, sai da saninsa da yardarsa. Ina faɗin haka da ƙarfin gwiwa, kamar ni gidana lafiya lau yake.

To ga abin da ba ku sani ba. Abbanku yana shan taba. Tun kafin ya aure ni yake sha. Na san za ku ce ba ku taɓa ganinsa da ita ba. Ni ma ban taɓa gani ba, ko sau ɗaya. In an ci abinci sai ya miƙe ya ce, "Bari in duba motar nan." Motar da ba abin da ya same ta. Ya sauka gindin mangwaro, ya zagaya bayan katanga, ya dawo yana tauna kanumfari, ya fesa turare har ya yi yawa. Ni ke wanke kayansa, ni ke kakkaɓe burbushin taba daga aljihunsa, ni ke ɗinke ƙananan hujojin da wuta ta yi wa rigunansa. Mahaifiyarsa ma ta sani, har ta koma ga Allah ba ta furta ba. Haka aka tarbiyyantar da mu: in babban mutum ya ɓoye abu don yana jin kunyarka, ka rufa masa asiri, kada ka nuna ka gani. Shi yana girmama ni da ɓoyewa, ni ina girmama shi da yin shiru. Kuma wallahi zamanmu na da daɗi. Yana kirana Likita don tsokana, ina kiransa Malam, ko faɗa muka yi ba ya kwana.

A shekarar da nake ba ku labari tari ya kama shi, irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji. In yana hawa bene sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana laluben makulli, alhali numfashi yake nema. Wata rana ya ce aiki zai kai shi Gwagwalada. Ya dawo jikinsa a sanyaye, da ƙanshin asibiti a tare da shi, wanda ni ba za a ɓoye mini shi ba. Ban tambaya ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga shaƙuwa ta sa shi gaba, ga ƙwannafi, ga tashin zuciya, ya ture tuwo ya ce cikinsa ba daɗi. Ya fara zancen ko gyambon ciki ne ya kama shi. Ni kuwa ina lura da muƙamuƙinsa yana motsi da sauri in yana karatun jarida, sai zuciyata ta ba ni wani abu.

Wadda ta tabbatar mini ita ce Madam Rahila, Bagbagyiya mai kantin magani a Gudu, ƙawata ce tun muna makaranta. Mun haɗu a wurin sarin kaya ta dafa ni tana murmushi.

"Oga naki yana da kirki fa. Kowane sati shi yana zuwa wurina, yana saya wa friend ɗinsa cingam na barin sigari."

"Haka yake," na ce. "Akwai shi da son abokai."

Na koma mota na zauna, dariya na cina, hawaye na zuba. Ku duba fa! Ga maganin a kan kantar matarsa, amma ya tsallake Garki gaba ɗaya ya tafi har Gudu, don saye a wurina daidai yake da ce mini yana sha. Kuma tunda na aboki ne, bai tsaya an koya masa yadda ake amfani da shi ba. Shi wannan cingam ba a tauna shi kamar na yara. In ka yi ta tauna kana haɗiye yawu, shaƙuwa da ƙwannafi ne sakamakonka. Mutumin nan yana ƙoƙarin ceton ransa shi kaɗai, yana wahalar da cikinsa, yana gab da yanke ƙauna ya ce maganin bai karɓe shi ba. Ni kuma na san gyaran, amma ba ni da ƙofar shiga.

Sai na yi dabara. Da yamma muna cin abinci na soma ba da labari kamar ba komai.

"Malam, yau wani ya zo kanti ya ba ni tausayi. Cingam ɗin barin taba yake amfani da shi, yana ta tauna kamar akuya, shaƙuwa ta hana shi sakat."

Ya ajiye cokali a hankali. "Allah sarki. To da yaya ake yi?"

"Tauna kaɗan ake yi, in an ji yaji-yaji a baki sai a tura shi gefen kunci a bar shi ya huta. In yajin ya lafa a sake taunawa. Kuma ba a haɗa shi da shayi ko lemo, sai an ɗan jinkirta."

"Ikon Allah," ya ce yana kallon kwano. "Akwai wani a ofishinmu da wannan bayanin zai amfana."

"Ka gaya masa ina yi masa fatan alheri."

Kafin sati ya zagayo shaƙuwa ta tafi, ya koma cin tuwonsa har da neman ƙari, duba mota ma ya ragu. Daga nan muka samu hanya. In yana da tambaya sai ya ce mutumin ofis ne ya aiko, in ba shi amsa ta bakin mutumin kanti. Mutanen nan biyu da babu su sun daɗe suna hira a kan tabarmarmu. Har yau in na tuna kwanakin nan sai in ji zuciyata ta yi sanyi, don ban taɓa jin kusanci da Abbanku kamar lokacin ba.

Azumi ne ya rushe mana dabarar. Ba a tauna cingam da rana, ga yini mai tsawo, ga zafin Abuja kafin saukar ruwa. Ana kiran Magariba zai jefa dabino a baki, ya kurɓi ruwa, ya sauka duba mota tun kafin ya yi salla. Abin da ya rage a baya ya dawo da shi har da ƙari. Tarin ya tsananta. Wata safiya ina wanki na ga ɗigon jini a hankicinsa. Na tsaya da shi a hannu. Na san filasta ce za ta fi masa, tunda ana iya manna ta a bar ta tana aiki a hankali, batun ko tana karya azumi kuma nakan tura mutane wurin malamai su ji daga bakinsu. Amma filasta ƙarfi-ƙarfi ce. Kafin in zaɓa sai na san yawan abin da mutum ke sha a rana, in auna jininsa, in ji abin da likita ya gani a ƙirjinsa. Ba a auna jinin mutumin ofis. Na yini ina juya abin a kanti. In na yi magana na tsinka abin da muka shekara da shekaru muna lallaɓawa. In na yi shiru kuma ina kallo zai tafi ya bar ni da ku.

Da aka sha ruwa na tura ku ɗaki da kwanon ƙosai. Ya miƙe zai sauka, na ce ya dakata.

"Malam, kara nawa kake sha a rana?"

Ya juyo kamar bai ji ba. "Me kika ce?"

"Taba nake nufi. Na ga jini a hankicinka. Ka faɗa mini kara nawa, in san maganin da zan ba ka."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ba fushi na fara gani ba, kunya ce, irin wadda ke sa babba ya rasa inda zai sa idonsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun satin da aka kawo ni gidanka."

"Ashe duk shekarun nan kallona kawai kike yi. Ina fesa turare, ina tauna kanumfari, ke kina dariya a ciki."

"Ban taɓa yi maka dariya ba. Amma gara ka ji haushina kana raye."

A nan ne na ɗaga murya, ban ɓoye ba, na ce ba zan zauna in yi takaba saboda kunya ba. Wannan ne kuka jiyo daga ɗaki. Ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar har ƙarshen wata a masallaci yake buɗa-baki, sahur kuma in na ajiye masa sai in tarar da shi yadda na rufe. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don idonku. Ya daina ce mini Likita. Maƙwabta suka yi ta yabonsa wai ya duƙufa ibada, ni kuwa nakan shige bayan kanti tsakanin kwalaye in yi kukana, in wanke fuska, in fito in sayar wa wani maganin abokinsa. Azumin nan ya yi mini tsawo. Na yi kewar mijina yana cikin gida ɗaya da ni. Amma ko sau ɗaya ban yi nadama ba, kuma ban ba shi haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba.

Aka yi Sallah, kasuwar maganin ta mutu kamar yadda ta saba. Wata ranar aiki da hantsi, kanti cike da mutane, na ɗaga kai sai na gan shi a layi, bayan wata mata mai goyo. Bai tsallake kowa ba. Da layi ya zo kansa ya dafa kanta da hannu biyu, bai ko rage murya ba.

"Likita, kwali guda a rana, wani lokaci da ɗori. Likitan Gwagwalada ya ce huhun ya taɓu, in ban bari ba ba zan daɗe ba. Ga ni."

Na ce ya zagayo ya zauna. Na naɗe masa hannun riga, na auna jininsa. Na goge damtsen na manna masa filastar da kaina. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko akwai sauran miyar kuka a gida.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Ya sha wuya, mu ma mun sha. Ya yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, Bashir zai tuna marin da ya sha saboda rediyo. Ya koma ya sha ya sake bari, ya kuma komawa. Amma yanzu in ya zame yakan zo ya faɗa mini da bakinsa, mu sake lale. Ya daina zama majalisar abokansa ta bakin sakatariya, don a can hayaƙin yake, kuma na san rabuwa da mutanen nan ta yi masa ciwo ƙwarai, wasunsu har suka mutu suna cewa matarsa ta mallake shi. Kafin wani azumin ya zagayo ya rabu da ita gaba ɗaya. Abu ɗaya ya roƙe ni: kada yara su sani. Na yi masa alkawari. Allah ya ara masa shekaru masu albarka bayan nan. Shi ya karɓi sadakinki, Hauwa, shi ya yi wa ɗan Bashir na fari huɗuba. A ƙarshe dai huhun ne ya kai shi, kun gani da idonku yadda yake kokawa da numfashi, kuna ce wa masu zuwa dubiya asma ce. Ba asma ba ce. Ɓarnar ta riga ta yi nisa tun a shekarun da muke ta girmama juna.

Har yanzu nakan zauna a kanti da yamma, ko da yake gwiwa ta fara gardama. Masu sayen maganin nan sun canza. Masu babbar riga sun ragu, yanzu samari ne da 'yan mata, wasu ma ba sa zuwa, ta waya suke aikowa mai babur ya kai musu. Sha'aban na nan da kasuwarsa kamar da. Yawancinsu ba sigari suka fara da ita ba, shisha ce, ko wannan ƙaramin abin lantarki da suke zuƙa mai ƙanshin alewa, suna cewa ai wannan ba taba ba ce. Su zo suna dariya, wai sun kasa yini guda babu ita, ba su san dalili ba. Ni na san dalili.

Kuna iya tambaya me ya sa na karya alkawarin da na yi wa mamaci. Na roƙi Allah gafara a kan haka, na kuma tabbata da Abbanku zai ga dalilina da ya sake mini. Ranar Juma'ar da ta wuce autana ya zo gaishe ni, ya durƙusa na dafa kansa, sai na ji ƙanshin tuffa da ƙaurin gawayi irin na shisha a jikin rigarsa. Da muna hira ya juya gefe ya yi wani ɗan tari, ya ce mura ce.

Nasiru, da kai nake, a gaban yayyenka. Ka ji haushina in ka ga dama, ka ƙaurace wa gidana wata guda, na taɓa jure wanda ya fi wannan. Amma na tsaya a bakin ƙofa na ga an fita da ubanka a makara, kuma ba ni da ƙarfin sake tsayawa a wurin nan saboda kai. Ina kanti kullum bayan La'asar. Ka zo.